FASHIN BAƘI: Yadda jiragen araha ke ɗora wa ma'aikatansu taget ɗin ciniki, da matsayin dokar Najeriya

Taget ɗin ciniki shi ne adadin kuɗi ko kaya da kamfani ke ƙayyade wa ma'aikaci ya sayar cikin wani lokaci, a kuma auna ƙwazonsa da shi. A kamfanonin jiragen sama masu araha, wannan nauyi yana faɗawa kan ma'aikatan cikin jirgi, wato matasan da ke tarbar fasinja a bakin ƙofa, su nuna masa yadda ake ɗaura bel, sannan da zarar jirgi ya daidaita a sama su turo keken shayi, abinci da turare suna talla.

Mutanen Kebbi ba baƙin irin waɗannan kamfanoni ba ne, ko da ba su san su da wannan suna ba. Jirgin farko na alhazan Najeriya a 2024, wanda Mataimakin Shugaban Ƙasa Kashim Shettima ya ƙaddamar ranar 15 ga Mayu a filin jirgin Sir Ahmadu Bello da ke Birnin Kebbi, na kamfanin Flynas ne, kamfanin araha na Saudiyya da ya fara aiki a 2007. Sai dai maniyyacin da ya taso daga Zuru ko Dabai ya shiga wannan jirgi ba ya ganin ainihin fuskar tsarin, domin kuɗin jirginsa na cikin kuɗin kujerar da Hukumar Alhazai ta ƙayyade. A zirga-zirgar yau da kullum ce ake gane cewa tikitin araha kujera kawai ya saya.

Inda ribar take

Kamfanin Ryanair na ƙasar Ayalan shi ne misalin da aka fi kafa hujja da shi. Ya ɗauko salon daga Southwest na Amurka, ya ƙara masa tsanani a ƙarƙashin Michael O'Leary, wanda ya karɓi ragamarsa a 1994. Dabarar ita ce a karya farashin tikiti ƙwarai, sannan a sa wa kowane abu kuɗinsa daban: jaka, zaɓen kujera, riga shiga jirgi, ruwan sha. A shekarar kuɗin da ta ƙare a Maris 2024, kamfanin ya ɗauki fasinja miliyan 183.7, ya samu Yuro biliyan 13.4, kuma kimanin biliyan 4.3 daga ciki, kusan kashi ɗaya bisa uku, daga waɗannan ƙarin caje-caje suka fito. Hakan na nufin kusan Yuro 23 a kan kowane fasinja bayan kuɗin tikiti.

Mafi yawan wannan kuɗi a intanet ake karɓarsa tun kafin tafiya. Cinikin cikin jirgi ƙaramin kaso ne, amma shi ne kason da ke da fuskar mutum a bayansa, shi ya sa ake iya kirga shi da sunan ma'aikaci. Na'urar da ake karɓar kuɗi da ita tana ajiye bayanin abin da aka sayar a kowace tafiya, a fitar da matsakaicin abin da kowane fasinja ya kashe, a jera ma'aikata daga na sama zuwa na ƙasa. Wanda ya sayar yana samun kamasho. Matsalar tana farawa ne idan aka juya ma'aunin ya zama bulala ga wanda bai sayar ba.

Haka ta faru a ƙarshen 2017, lokacin da jaridar Guardian ta Birtaniya ta ba da rahoton wasiƙun da kamfanonin da ke samar wa Ryanair ma'aikatan kwantiragi suka aika wa wasu daga cikinsu, ana gargaɗinsu cewa za a iya ladabtar da su ko a sauya musu jadawalin aiki idan ba su ƙara sayar da turare da katin caca na kankarewa ba. Kafin nan kamfanin ya musanta cewa yana matsa wa ma'aikata su cika wani adadi. Abin lura shi ne wasiƙun ba daga kamfanin jirgin suka fito kai-tsaye ba. Ma'aikacin yana sanye da rigar kamfani, yana aiki a jirginsa, amma a takarda wani ne ubangidansa.

Rashin adalcin ma'aunin ba ya buƙatar dogon lissafi. Jirgin asuba da fasinjojinsa ke barci ba zai yi cinikin jirgin masu tafiya hutu ba. Jirgin da ya cika da masu azumi ba zai sayar da shayi ba, komai daɗin bakin mai talla. Ma'aikacin ba shi ke zaɓar hanya ba, ba shi ke sa farashi ba, ba shi ke zaɓar kayan da aka loda ba, amma shi ake tuhuma. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

A Disamba 2017 Ryanair ya amince da ƙungiyoyin ƙwadagon matuƙa a karon farko a tarihinsa, kuma a ranakun 25 da 26 ga Yuli, 2018, ma'aikatan cikin jirgi a Sifaniya, Fotugal da Beljiyam suka tafi yajin aikin da ya sa aka soke tashin jirage kusan 600. Babbar buƙatarsu ita ce a yi musu aiki da dokar ƙwadagon ƙasashen da suke zaune maimakon ta Ayalan. A Amurka salon ya bambanta, manufar ɗaya ce: wani rahoton kwamitin Majalisar Dattawa a Nuwamba 2024 ya gano cewa Frontier da Spirit sun biya ma'aikatan bakin ƙofa da wasunsu dala miliyan 26 a 2022 da 2023 a matsayin lada kan kama jakunkunan da suka wuce ƙa'ida, domin a caji masu su.

Aikin da doka ta ɗauke su dominsa

Ba don shayi doka ta wajabta sa ma'aikata a cikin jirgi ba. A Turai da Amurka ƙa'idar ita ce ma'aikaci ɗaya ga kowace kujera 50, shi ya sa Boeing 737-800 mai kujera 189 ke tashi da huɗu. Kafin a ba sabon samfurin babban jirgi lasisi, sai an nuna za a iya fitar da kowa cikin daƙiƙa 90 ta rabin ƙofofinsa. Ranar 2 ga Janairu, 2024, jirgin Japan Airlines ya yi karo da wani ƙaramin jirgi a filin Haneda na Tokyo, ya kama da wuta, ma'aikatan cikinsa suka fitar da duka mutum 379 da ransu. Wannan shi ne aikin. Duk mintin da ma'aikaci ya ɓata yana lissafin kwalaben turaren da suka rage masa, an ɗebe shi ne daga lokacin lura da fasinjan da numfashinsa ya sarƙe ko hayaƙin da ke fita daga ma'ajiyar jaka.

A Najeriya ma Hukumar NCAA ce ke ba ma'aikatan cikin jirgi lasisi, kuma Kwalejin Horar da Ma'aikatan Jiragen Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, na cikin wuraren da ake koyon aikin. Salon araha ya shigo ƙasar da Green Africa, wanda ya fara jigila a Agusta 2021 da tikiti hawa-hawa, mafi arha daga ciki na da ƙarancin alfarmar kaya. Tafiye-tafiyen cikin gida gajeru ne, yawanci awa guda ko ƙasa da haka, kuma an saba a ba fasinja ruwa da ɗan abin taɓawa a cikin kuɗin tikitinsa. Amma tsadar man jirgi da faɗuwar darajar Naira su ne irin matsin da ke tura kamfanoni neman kuɗi a wajen tikiti.

Giɓin da ke cikin doka

A nan ne batun ya shafi matashin da ya gama Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya da ke Zuru yana neman aiki, ko da bai taɓa taka matakalar jirgi ba. Dokar Ƙwadago ta Najeriya, wadda asalinta dokar soja ce ta 1974, ta hana yanke wa ma'aikaci albashi a matsayin tara sai bisa sharuɗɗa, ta kuma wajabta a ba shi sharuɗɗan aikinsa a rubuce cikin wata uku. Sai dai Sashe na 91, wanda ya fayyace wane ne “ma'aikaci”, ya fitar da duk wanda ke aiki a jirgin ruwa ko na sama da dokokin sufuri suka shafa. Ya kuma fitar da wakilai da 'yan tallan kamfani matuƙar aikinsu a wajen harabar kamfanin ake yin sa.

Dokar Mafi Ƙarancin Albashi ta 2019 ta maimaita haka. Sashe na 4 ya keɓe ma'aikatan jirgi, da wuraren da ake biya da kamasho ko gwargwadon aikin da aka yi, da wuraren da ma'aikatansu ba su kai 25 ba. Gyaran Yuli 2024 da ya kai albashin Naira 70,000 ya taɓa adadin kuɗin da wa'adin sabunta shi, ya bar waɗannan keɓe-keɓe yadda suke. Ma'aikaciyar jirgin da aka ɗora wa taget ta faɗa cikin keɓewa biyu lokaci guda.

Taget ɗin da ya fi kusa da Zuru a ƙasa yake. Tun bayan haɗe bankuna a 2005 a zamanin Charles Soludo, lokacin da suka ragu daga 89 zuwa 25, aka san ma'aikatan banki da yawon neman masu ajiya, kowa da adadin da aka ce ya kawo a wata, da yawansu kuma ta hannun kamfanonin kwantiragi aka ɗauke su. Taget ɗin da aka yanke a Legas ba ya tambayar ko manomin Danko-Wasagu ya samu shiga gonarsa a bana, ko 'yan bindiga sun bar kasuwar ƙauye ta ci. Masu tallan layin waya, bashin ƙananan bankuna da na'urar POS duk a wannan layi suke. Inda irin wannan matsi ke kaiwa ya bayyana a bankin Wells Fargo na Amurka, inda ma'aikata suka riƙa buɗe asusu da sunan mutane ba da saninsu ba don cika adadi. A 2016 aka ci bankin tarar dala miliyan 185, bayan ya kori ma'aikata kimanin 5,300, daga bisani ya soke taget ɗin a rassansa.

Ƙofar da ta rage wa ma'aikacin Najeriya ita ce Kotun Ɗa'ar Ma'aikata ta Ƙasa. Gyaran kundin tsarin mulki na 2010 ya ƙara Sashe na 254C, wanda ya ba ta hurumin sauraron duk rikicin aiki, har da na waɗanda Dokar Ƙwadago ta fitar, da ikon duba zaluncin wurin aiki bisa ma'aunin ƙasa da ƙasa. Wanda aka kora don bai cika taget ba zai iya zuwa can, kuma abin da zai fi yi masa amfani shi ne takardar ɗaukar aikinsa: ko an rubuta taget ɗin a ciki, nawa ne albashin da ba ya taɓuwa, nawa ne kamasho, kuma sunan wane kamfani ne a saman takardar. Ƙungiyoyi irin su NUATE da ATSSSAN a fannin jiragen sama, da ASSBIFI da NUBIFIE a bankuna, su ke da hurumin yin ciniki a madadin ma'aikata, amma ɗan kwantiragi shi ne ya fi wahalar shigarwa cikinsu, domin ana iya sallamarsa ta hanyar ƙin sabunta takarda kawai. Gyaran Sashe na 91 da Sashe na 4 kuwa aikin Majalisar Tarayya ne, inda Kebbi ta Kudu ke da sanata, Zuru da Fakai da Danko-Wasagu da Sakaba kuma ke da ɗan majalisar wakilai guda.