Yadda Matan Ingila Suka Sami Rabonsu In Aure Ya Mutu

Ku 'yan makaranta da ke karatun tarihin Ingila, kun sha jin labarin sarakunanta da yaƙe-yaƙenta. Yau muna so mu ba ku labarin wata jayayya wadda aka yi shekara fiye da 160 ana yi, watau a kan abin da mace za ta fita da shi in aure ya mutu.

A zamanin da, dokar Ingila ta ɗauki miji da mata tamkar mutum guda, mutumin nan kuwa shi ne mijin. Ran da aka ɗaura aure, kuɗin amarya da kayanta da abin da za ta samu da guminta duk sun zama nasa. Ba ta da ikon kai ƙara da sunanta. Abin da ke wuyansa shi ne ciyar da ita, in kuwa ta ci bashi don bukatunta, shi a ke bi. Mun san wannan zai ba ku mamaki, gama a lokacin nan, sa'ad da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ke bisa gado, macen ƙasarmu da ta sayi akuya da kuɗin kaɗinta, akuyar tata ce, sadakinta nata ne, shari'a ba ta ba miji ko ƙwayar wuri a ciki ba.

To, akwai wata marubuciya, sunanta Caroline Norton. A 1827 ta auri George Norton, mutum mai saurin hannu. A 1836 zama ya ƙi. Ya rufe mata ƙofar gida, ya kwashe 'ya'yansu maza uku ya kai wa danginsa, sa'an nan ya kai ƙarar Lord Melbourne, Babban Wazirin Ingila, wai yana neman matarsa. Aka kori ƙarar. Ita da a ke ɓata wa suna ba a ko bar ta ta buɗe baki ba. Ga shi ba aure, ba saki.

A 1848 George ya sa hannu a takarda zai riƙa ba ta fam 500 a shekara. Da uwarta ta rasu a 1851 ta bar mata ɗan gado, sai ya janye. Ita kuma ta ce to, tun da doka ta ce bashinta nasa ne, masu bin ta kuɗi su tafi gare shi. A 1853 wani mai gyaran keken doki ya kai shi ƙara. Ashe takardar nan banza ce, domin miji ba ya ƙulla alkawari da matarsa, ai mutum ba ya yi wa kansa alkawari! Har kuɗin littattafan da ta rubuta da hannunta, a doka nasa ne.

Sai ta ɗauki alƙalami. A 1855 ta buga wata doguwar wasiƙa zuwa ga Sarauniya Biktoriya. A dokar saki ta 1857 aka ba macen da miji ya yasar ikon tsare abin da ta samu. A 1870 aka ce ladan aikin matar aure nata ne, a 1882 aka ce dukan dukiyarta. Caroline ba ta ga wannan ta ƙarshe ba, ta rasu a 1877.

Kada ku zaci magana ta ƙare. Cewa kowa ya riƙe nasa adalci ne ga mai abin riƙewa. Macen da ta shekara talatin tana girki da reno fa, ga gida da sunan miji, ga ajiyar banki da sunansa, me za ta riƙe? A ganinmu wannan ya fi na fari wuyar ganewa, don ba wanda ya ƙwace mata kome, amma ta fita hannu rabbana. Sai a 1970 aka ba alƙalai ikon raba dukiyar, dokar 1973 kuma ta tabbatar cewa su duba har da wahalar tsaron gida da renon yara. A 2000, cikin shari'ar wani manomi White da matarsa, manyan alƙalan ƙasar suka ce kada a fifita mai nemo kuɗi bisa mai tsaron gida, in za a kauce wa raba-daidai sai da dalili.

Saura fansho, wanda sau da yawa in ka ɗebe gida babu abin da ya kai shi. Daga 1996 alƙali na iya cewa a riƙa yankar mata wani abu daga fanshon tsohon mijinta, amma sai ya fara karɓa, in kuwa ya mutu ko ta sake aure, shi ke nan, ya tsaya. Aka gyara wannan da dokar 1999. Tun daga ran 1 ga Disamba, 2000, alƙali na iya tsaga fanshon a lokacin sakin, a rubuta kasonta da sunanta, ko ta sake aure yana nan nata.