Tallafin cimaka ga uwaye da ƙananan yara a Agye, Gazawa da Gidan Rumji: abin da ake rabawa da abin da yake yi wa jiki

Kowace shekara, daga watan Yuni zuwa Satumba, lokacin da rumbuna suka yi ƙasa kuma sabon hatsi bai nuna ba, gwamnatin Nijar da abokan hulɗarta na kai tallafin cimaka a ƙauyukan jahar Maraɗi. Gundumomin Agye, Gazawa da Gidan Rumji na cikin waɗanda suka daɗe da sanin wannan tallafi. Yanki ne na manoma, inda hatsi, dawa, wake, gyaɗa, riɗi da aya ke fita zuwa manyan kasuwanni har Najeriya. Amma kuma yana cikin wuraren da tamowa ta fi kama yara. Binciken ƙasa na shekarar 2022 ya nuna cewa yara 12 cikin 100 ƴan ƙasa da shekara 5 na fama da rama, 47 cikin 100 kuma sun tsumbure. A jahar Maraɗi, yaran da suka tsumbure sun haura rabi.

Yankin da ake magana a kai

Gundumar Agye na da ƙananan hukumomi biyu, Agye da Cadawa. Gazawa, wadda aka cire daga Agye a 2011, na da Gazawa da Gangara. Gidan Rumji na da biyar: Gidan Rumji, Tibiri, Cadakori, Gidan Sori da Sae Sabuwa. Jama'a sun yi yawa, gonaki sun ƙanƙance saboda rabon gado, kuma gidaje da dama ba sa girbe abin da zai kai su wata damina. Binciken lafiyar iyali na 2012 ya ba da matsakaicin haihuwa 8.4 ga kowace mace a jahar Maraɗi, alhali na ƙasa baki ɗaya 7.6 ne. Haihuwa kusa da kusa na sa a yaye yaro da wuri, uwa kuma ta shiga sabon ciki jikinta bai murmure ba.

Hanyoyin da tallafin ke bi

Tsarin ƙasa na rigakafi da magance matsalar cimaka, DNPGCA, shi ke fitar da jadawalin tallafi na kowace shekara, bayan an gano yankunan da damina ba ta yi kyau ba. Hanyoyi huɗu ne suka fi shafar uwaye da yara.

Ta farko ita ce saida cimaka a farashi mai rahusa daga rumbunan ofishin OPVN. Shekaru da dama ana saida buhu mai kilo 100 a kan jika 13, ana auna wa mutane tiya-tiya don kada masu ƙarfi su kwashe. Ta biyu ita ce rabon kyauta ga gidajen da aka tantance cewa su suka fi rauni. Mafi yawan abin da ake bayarwa a waɗannan hanyoyi biyu hatsi ne, dawa, masara ko shinkafa, wani lokaci a haɗa da wake. Ta uku ita ce ba mata kuɗi a hannu kowane wata. Ta huɗu kuma tana bi ta gidajen likita, inda ake ba yaro mai tamowa da mai ciki ko mai shayarwa abinci na musamman, da taimakon UNICEF da hukumar abinci ta duniya, PAM.

Abin da buhun hatsi ke yi da wanda ba ya yi

Idan aka raba buhu mai kilo 100 ga gida mai mutum 7 na wata guda, kowa zai samu kusan giram 475 a rana, wato kalori 1,700 ko kusa da haka. Ma'aunin da ake amfani da shi a aikin agaji kalori 2,100 ne ga mutum a rana. Ke nan buhun na kashe mafi yawan yunwar gida, kuma yana hana maigida saida akuya ko barin gonarsa ya tafi ƙwadago a tsakar damina.

Matsalar tana wajen yaro ɗan wata 6 zuwa 23. Cikinsa ƙarami ne, ba ya ɗaukar fiye da ƙaramin kofi a zama guda, amma jikinsa na girma da sauri. Bayan nonon uwa, yana buƙatar kalori kusan 200 a rana tsakanin wata 6 da 8, 300 tsakanin wata 9 da 11, da 550 daga shekara 1 zuwa 2. Kunu ko fura mai ruwa-ruwa na cika masa ciki tun bai samu rabin wannan ba. Hatsi ba shi da bitamin A da C da B12 da za a dogara da su. Yana da sinadarin ƙarfe da zink, amma wani sinadari da ke cikin ƙwayar, fitat, na hana hanji tsotse su yadda ya kamata. Furotin ɗinsa ma bai cika ba sai an haɗa shi da wake, gyaɗa ko nono.

Hukumar lafiya ta duniya, OMS, na auna ingancin abincin yaro da rukunoni 8: nonon uwa, hatsi da dangin rogo, wake da gyaɗa, madara, nama da kifi, ƙwai, ganyaye da ƴaƴan itatuwa masu bitamin A, sai sauran kayan lambu. Yaro na buƙatar aƙalla 5 a rana. Buhun tallafi rukuni guda yake kawowa, ko biyu idan da wake.

Abincin da aka haɗa musamman

Ga yaro mai tamowa mai tsanani akwai Plumpy'Nut, wanda likitan Faransa André Briend da kamfanin Nutriset suka ƙirƙiro a 1996. Leda guda giram 92 ce, da kalori 500. An yi shi da tunkuzar gyaɗa, garin madara, sukari, mai, bitamin da sinadarai. Ba a dafa shi kuma ba a dama shi da ruwa, saboda haka ƙwayoyin cuta ba sa saurin shiga. Kamfanin STA da ke Yamai na sarrafa shi a cikin gida tun 2005. Ana bayar da shi a sashen CRENAS na gidajen likita, uwa ta karɓi rabon mako ta koma gida. Yaron da ya daina cin abinci ko yake da wata cuta a kan tamowar, ana kwantar da shi a CRENI na asibitin gunduma, a fara masa da madarar F-75.

Ga tamowa matsakaiciya, sashen CRENAM na ba da Plumpy'Sup ko garin Super Cereal Plus, wanda aka yi da masara, waken soya, garin madara, mai da sukari. Masu ciki da masu shayarwa da suka rame suna samun garin Super Cereal tare da mai mai bitamin A. Akwai kuma garin Misola da ƙungiyoyin mata ke haɗawa a cikin ƙasa: kashi 60 hatsi, 20 soya, 10 gyaɗa, sauran sukari da gishiri, tare da ƙarin bitamin.

Tun 2006 hukuma ta ɗauki matakin duba yara ƴan ƙasa da shekara 5 da awon ciki kyauta. A wurin awo ne mai ciki ke karɓar ƙwayoyin ƙarin jini. Yara daga wata 6 zuwa 59 kuma ana ɗiga musu bitamin A sau biyu a shekara.

Darasin da aka koya a jahar Maraɗi

A yunwar 2005, buhun hatsi ya kusa jika 30 a kasuwanni. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar yara fiye da dubu 60 masu tamowa mai tsanani a faɗin ƙasar, mafi yawansu a jahar Maraɗi. Daga nan yankin ya zama wurin da duniya ta gwada dabarun rigakafi.

A 2007, daga Mayu zuwa Oktoba, MSF ta raba Plumpy'Doz kowane wata ga yara kusan dubu 62 ƴan wata 6 zuwa 36 a gundumar Gidan Rumji, masu lafiya da marasa lafiya, cokali uku a rana. A wannan damina, hauhawar tamowa mai tsanani da aka saba gani ba ta kai yadda take ba. Wani bincike a ƙauyuka 12 na jahar, da aka wallafa a 2009, ya nuna cewa ba yara leda guda a rana na wata 3 ya rage sababbin masu rama da kashi 36 cikin 100, masu rama mai tsanani kuma da kashi 58.

A 2011 cibiyar Epicentre ta kwatanta dabaru daban-daban a ƙauyuka 48 na Madarunfa. Inda aka haɗa abincin yaro na musamman da jika 25 a wata ga gida, yaran da suka faɗa tamowa matsakaiciya sun yi kusan rabin na inda aka ba da kuɗi zalla. Idan tukunyar gida na da abinci, rabon yaro ya fi isa bakinsa.

Kuɗi a hannun mata

Shirin Filets Sociaux na gwamnati, da Bankin Duniya ya tallafa tun 2011, ya riƙa ba matan gidajen talakawa jika 10 a wata har wata 24, tare da zaman faɗakarwa kan shayarwa, tsabta da tarbiyya. Kashi na biyu, Wadata Talaka, ya ɗaga kuɗin zuwa jika 15. An auna tasirin shirin a Sae Sabuwa, Gidan Sori, Gangara da Cadawa, da wasu ƙananan hukumomi biyu na jahar Doso. Kuɗin sun ƙara abin da gida ke ci. Faɗakarwar ta gyara yadda ake ciyar da yara da kula da su. Sai dai ba a ga canji a tsayi da nauyin yaran ba. Girman yaro ya dogara har da ruwan sha, gudawa da zazzaɓin cizon sauro, wanda ke tashi daidai lokacin ƙarancin cimaka. Shi ya sa ake ba yara ƴan wata 3 zuwa 59 maganin rigakafin zazzaɓi kowane wata a damina.

A Agye, aikin PPILDA da asusun FIDA ya tallafa ya kafa rumbunan tsimi na mata bayan 2005. Mace na aron hatsi a tsakar damina, ta biya da kaka.

Inda tallafin ke yoyo

Rabon yaro guda sau da yawa yayyensa na ci tare da shi, sai jinyar mako shida ta ja watanni. Ana ganin ledojin Plumpy'Nut a teburan ƴan tireda, alhali magani ne da aka haramta saidawa. Kayan CRENAM sun dogara da kuɗin waje, idan sun yanke sai uwa ta yi tafiya mai nisa ta dawo hannu sake. Tantance gidaje kuma na barin wasu mabukata a waje, musamman a gidan da kishiyoyi ke da tukwane daban amma suna guda aka rubuta.

Abin da ya kamata iyaye su sani

Tsirin awon damtse na da launi uku. Ja, ƙasa da milimita 115, tamowa ce mai tsanani. Rawaya, daga 115 zuwa ƙasa da 125, matsakaiciya ce. Kore lafiya ne. Idan aka danna bayan ƙafafun yaro duka biyu yatsa ya bar rami, a kai shi likita ranar, ko da awon ya nuna kore.

Wata 6 na farko nonon uwa kaɗai ya isa, ba ruwa ba jiƙo. Bayan nan, hatsin tallafi na iya zama abincin kirki idan aka yi kunun da kauri, aka zuba garin ƙuli-ƙuli ko na soyayyen wake, cokalin mai, da garin zogale ko kuka. Jiƙa hatsi, tsima shi ko barin sa ya yi tsiro kafin niƙa na rage fitat. Ƙwai, nono, hanta, busasshen kifi da fara, ko kaɗan ne, suna kawo abin da hatsi ya rasa. A nemi gishiri mai iyod. Manoma kuma na iya tambayar irin hatsin Chakti, wanda ICRISAT da INRAN suka fitar a 2018: yana nuna da wuri kuma ya fi hatsin gargajiya sinadarin ƙarfe.

Jerin ƙauyuka da adadin rabo na canzawa kowace shekara. Ana samun bayaninsu a ofishin magajin gari da wajen maigari, na jinyar tamowa kuma a gidan likita mafi kusa.