Masu Zaɓen Abin da Za a Rataya a Bango

A shekarar 1937, wani gidan baje kolin zane-zane mai suna Zwemmer da ke Landan ya rataya ayyukan wasu samari biyar ’yan Najeriya. Malaminsu ne, Bature Kenneth Murray, wanda ya iso ƙasar a 1927 don koyar da zane, ya tattara ayyukan, ya kai su, ya kuma yi wa Turawa bayaninsu. Cikin samarin akwai Ben Enwonwu. Murray ya fi son ɗalibansa su zana rayuwar ƙauye da sana’o’in gargajiya, saboda haka da idonsa mutanen Landan suka fara kallon zanen zamani na Najeriya.

Abin da ya yi, shi ne yau ya zama sana’a mai zaman kanta, har da digiri a jami’o’i. Mai tsara baje koli ba ya riƙe buroshi, ba ya sassaƙa. Nasa shi ne ya bi masu zane har wuraren aikinsu, ya zaɓi abin da ya cancanci a nuna, ya nemo kuɗi, ya aro ayyuka daga hannun masu su, ya shirya inshora da jigila, ya yanke wane zane zai zauna kusa da wane, sannan ya rubuta littafin da zai rage bayan an kwashe kaya. Mai gidan baje koli na kasuwanci kuwa ɗan’uwan dillali ne: yana haɗa mai zane da mai saye, la’adarsa takan kai rabin kuɗin. Duka biyun suna riƙe da ƙofa ɗaya, wanda suka buɗe wa shi duniya za ta sani.

An daɗe makullin ƙofar yana hannun baƙi. Ladi Kwali, wadda hotonta ke bayan takardar naira 20, ta ƙware a ginin tukwane tun kafin ta shiga, a 1954, cibiyar da Michael Cardew ya buɗe a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yanzu. Amma sai da aka baje tukwanenta a gidan Berkeley na Landan a ƙarshen shekarun 1950 sunanta ya ƙetare teku. Gidajen tarihin da gwamnati ta gina a lokacin, na Jos a 1952 da na Legas a 1957, hankalinsu na kan kayan da: kawunan Nok, tagullar Ife da ta Benin. Mai zanen da ke raye bai cika samun bango a cikinsu ba.

Canjin ya faro daga Zariya. A 1958 wasu ɗaliban zane a kwalejin da daga baya ta zama Jami’ar Ahmadu Bello, cikinsu har da Uche Okeke, Demas Nwoko, Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiya don ƙin koyarwar da ta ɗauke su kamar ’yan wata makarantar Ingila. Zariya ta ba su ilimi da tawaye, bango kuwa sai a Ibadan suka same shi. A 1961 aka buɗe kulob ɗin Mbari kusa da kasuwar Dugbe, inda Wole Soyinka, J. P. Clark, Christopher Okigbo da Bajamushe Ulli Beier suka haɗa ɗakin karatu da dandalin wasa da wurin baje zane a waje guda. Nan aka nuna ayyukan Ibrahim El-Salahi na Sudan, da Malangatana na Mozambik, da Jacob Lawrence baƙar fatar Amurka. Daga baya ne ta fito fili cewa ƙungiyar da ke tallafa wa Mbari tana karɓar kuɗi a ɓoye daga hukumar leƙen asirin Amurka. Yaƙin basasa ya ƙarasa sauran: Okigbo ya mutu a fagen daga a 1967, jama’ar suka watse.

Shekaru ashirin da wani abu bayan haka, a 1989, aka yi wani gagarumin baje koli a Faransa, Magiciens de la Terre, wanda ya jera masu fasaha daga ko’ina a duniya. An yaba masa, an kuma soke shi, don daga Afirka ya karkata ga waɗanda ba su yi makarantar zane ba, irin su Kane Kwei na Gana mai ƙera akwatunan gawa masu siffar kifi da mota. Masu zanen da suka yi karatu suka ga an sake tsallake su.

Wanda ya karya wannan lagon bai taɓa zama ɗalibin zane ba. Okwui Enwezor, haifaffen Kalaba a 1963, ya tafi Amurka a farkon shekarun 1980, ya karanta kimiyyar siyasa, yana rubuta waƙe. Ya lura mujallun fasaha na can ba su da abin faɗa kan Afirka ta yanzu, sai ya kafa tasa, Nka, a 1994, ya yi ta aiki da Salah Hassan ɗan Sudan da Chika Okeke-Agulu. A 1996 yana cikin waɗanda suka tsara baje kolin masu ɗaukar hoto na Afirka a gidan Guggenheim, a 1997 ya jagoranci babban baje kolin Johannesburg. Daga nan Jamusawa suka damƙa masa Documenta, taron da ake yi a Kassel duk shekara 5, na tsawon kwana 100. Shi ne na farko da ba Bature ba da ya riƙe shi. Bai yarda a tattara komai a Kassel ba. Kafin buɗewar 2002 ya kai zaman muhawara wasu birane, ciki har da Delhi da Legas. A 2015 ya zama haifaffen Afirka na farko da ya tsara babban baje kolin Venice, inda ya sa aka riƙa karanta littafin Das Kapital na Karl Marx a bayyane, a gaban attajiran da suka zo kallo.

Enwezor ya yi nasa yaƙin a waje. Bisi Silva ta ɗauki wanda ya fi wuya, ta dawo gida. Bayan ta karanci tsara baje koli a Royal College of Art ta Landan, ta buɗe cibiyar CCA a unguwar Yaba ta Legas a 2007, ba don ciniki ba. Abin da ta fi alfahari da shi a ginin shi ne ɗakin karatu mai dubban littattafai, yawancinsu ita ta riƙa jido su daga tafiye-tafiyenta. Hujjarta a fili take: mai zanen da ba a rubuta komai a kansa ba, da ya rasu sai aikinsa ya bi shi. Haka ta tsaya kan hotunan J. D. ’Okhai Ojeikere, dattijon da ya shafe shekaru yana ɗaukar salon kitson matan Najeriya, ta kai su Helsinki a 2011, ta kuma fitar da littafi a kansa. A 2010 ta fara Àsìkò, makarantar ’yan makonni mai yawo daga birni zuwa birni, Legas, Accra, Dakar, Maputo, Addis Ababa, tana horar da matasan masu zane da masu tsara baje koli. Ta rasu a Fabrairun 2019, Enwezor ya bi ta a Maris.

Kasuwa ta biyo baya da saurinta. An fara gwanjon Arthouse a Legas a 2008, Tokini Peterside ta kafa kasuwar Art X a 2016, Najeriya ta buɗe rumfarta ta farko a Venice a 2017. A 2018 aka sayar da zanen Tutu na Ben Enwonwu, yaron Murray na 1937, kan fam miliyan 1.2 a Landan.

Kusan duk wannan a Legas yake. Sashen zane na Zariya bai daina yaye ɗalibai ba, Kano na da Gidan Makama da marina da dukawa da masu zayyanar allo, amma matashin Arewa da ya gama zanensa yau, yawanci sai ya naɗe shi ya yi kudu kafin ya sami mai rataya shi da mai rubutu a kansa. Masu zane ba su ne suka yi ƙaranci a Arewa ba, masu tsara baje koli ne.