Daga "dusk" zuwa almuru: tarihin sunan wani lokaci

Wata rana wani ɗalibina ya kawo mini kalmar Ingilishi "dusk". Ya ce an fassara masu ita da Faransanci "crépuscule", shi kuwa Hausarta yake son ji. Na ce masa almuru. Yaron ya yi tsuru-tsuru, don bai taɓa jin kalmar ba, alhali a Azagor aka haife shi, inda kowace yamma ake koro bisashe gida a daidai wannan lokaci. Wannan shi ya sa na bi sawun kalmomin.

A asali, "dusk" sunan launi ce. A tsohon Ingilishi, wanda ake magana da shi kafin Normandawa su ci Ingila a 1066, ana cewa "dox", wato abin da ya tasam ma baƙi amma bai kai ba. Masana harshe suna danganta ta da kalmar Latin "fuscus", mai irin wannan ma'ana. Sai a farkon ƙarni na 17 ta zauna a matsayin sunan lokacin da rana ta faɗi, dare kuma bai gama rufawa ba. Har yau ƙanwarta "dusky" tana riƙe da tsohuwar ma'anar launi. Faransanci ma ya bi wannan turba: daga launin "brun" aka samo "à la brune", wato da almuru. Suna kuma cewa "entre chien et loup", lokacin da ido ba ya rarrabe kare da kyarkeci. Ke nan mutanen can da ido suka raɗa wa lokacin suna.

Bahaushe kuwa kalmomi biyu gare shi, kowace da hanyar da ta biyo. Magariba daga Larabci take, daga tushen da ke nufin faɗuwar rana da yamma. Tushen nan ne ya ba ƙasashen Magrib sunansu, har ma da lardin Algarve na Fotugal, wanda Larabawan Andalus suka kira "al-Gharb". Ta shigo mana tare da ƴan uwanta, asuba da azahar da la'asar da lisha, bayan Musulunci ya kafu a ƙasar Hausa. Tarihin Kano ya ambaci zuwan Wangarawa zamanin Sarki Yaji, cikin ƙarni na 14.

Almuru kuwa, wadda Bargery ya rubuta a ƙamusunsa na 1934, tana jan kunnenmu zuwa arewa. Maƙwabtanmu Abzinawa suna kiran wannan lokaci da sallarsa "almoz" a harshen Tamajak. Duk mai sauraro zai ji kusancin, kuma abin ba baƙo ba ne, tun da raƙumi da takarda da azumi duk ta bakin Abzinawa suka iso mana. A kwarin Tarka, inda Bahaushe da Ba'abzine da Bafillace suke shan rijiya guda, kalma takan yi ƙaura kamar yadda garke ke yi.

Abin damuwa shi ne, yaranmu yanzu da agogo suke magana. Sukan ce ƙarfe shida da rabi, sau da yawa ma da Faransanci. Agogo ba ya bambanta goshin magariba da almuru, balle duhu-duhun da ke biyo baya. In kalmar ta ɓace, shaidar tsohuwar cuɗanyarmu da maƙwabta ta bi ta.

Saboda haka ina kira ga malamai ƴan uwana da ƙungiyoyin raya al'adu, a tura ɗalibai gun kakanninsu, su rubuto sunayen lokutan yini da Hausa da Tamajak da Fillanci, a jera su a allo a kwatanta. Ɗalibin nan nawa ya je, ya kuwa tarar kakarsa ba ta da wata kalma ga wannan lokaci sai almuru. Tambayarta ce kawai bai taɓa yi ba.