Wanzanci da Sanin Zafin Rauni

Sabon Tasha, unguwar da ke kudu da kogin Kaduna a ƙaramar hukumar Chikun, ta tashi ne a ƙasar Gbagyi, kuma ta cika da baƙi musamman bayan buɗe matatar mai a kusa da ita a 1980. Cikin sana'o'in da Hausawa suka shigo da su wannan yanki akwai wanzanci, wato aski da ƙaho da kaciya da tsaga da cire beli, sana'ar gado wadda shugabanta a masarautu ake kira Sarkin Aska.

Tun kafin zuwan allurar kashe zafi wanzami yake yanka fatar mutum, saboda haka tilas ya san inda jiki ke jurewa da inda ba ya jurewa. Aiki ya koya masa cewa raɗaɗi ba ya bin girman rauni, domin tsagar ƙaho goma a gadon baya ba ta kai sartse ɗaya a ƙarƙashin farce ciwo ba. Dalilin haka shi ne jijiyoyin jin ciwo, wato siraran zaruruwan da ke kai labarin rauni zuwa laka da ƙwaƙwalwa, yawansu ya bambanta daga wani sashen jiki zuwa wani, kuma iri biyu ne: masu sauri, da ke kawo tsinin farko, da masu nawa, da ke kawo zogin da ke biyo baya. Shi ya sa ake yabon wanzami da kaifin aska da saurin hannu.

Kafa ƙaho a zuƙe fata kafin a tsaga ta, da murza wurin, da jan hankalin yaro da hira, duk sun dace da bayanin da masana Ronald Melzack da Patrick Wall suka yi a 1965, cewa saƙon taɓawa yana rage saƙon ciwo tun a cikin laka, kuma tsoro ko natsuwa na iya ƙara zafi ko rage shi. Sai dai al'adar dauriya, wadda ta mai da kukan yaro wurin kaciya abin kunya, ta ɓoye zafi mai yawa da ba a rage ba.

Daga baya shagunan aski na inji sun karɓe askin, tsagar gado ta ja baya, tsoron cututtukan da aska ɗaya ke yaɗawa kuma ya sa iyaye da dama kai 'ya'yansu kaciya asibiti. Ƙaho ya fi sauran tsira, har ana yin sa yanzu da kofunan roba da sunan hijama.