Gantsarewa a Fagen Dambe: Darasi daga Tarihin Muhammad Ali

Gabatarwa

Masu koyar da damben zamani suna da wata doka da suke fara cusa wa yaro tun ranar da ya shiga fage: ya ɗaga hannuwa ya kare haɓarsa, idan naushi ya taho ya goce gefe ko ya sunkuya, kada ya gantsare baya. Muhammad Ali ya karya wannan doka a gaban duniya, ya ci ribarta, ya kuma ɗanɗana kuɗarta. Wannan takarda za ta bi tarihinsa don a ga amfanin dabarar da kuma haɗarinta.

Amfanin dabarar

An haifi Ali a birnin Louisville na Amurka a 1942, sunansa na yanka Cassius Clay. Ya ci lambar zinariya a wasannin Olamfik na birnin Rum a 1960. Dogo ne, tsawonsa santimita 191, ga saurin ƙafa irin wanda ba a saba gani ba a ajin masu nauyi. Yakan sauke hannuwansa ƙasa, in an kawo masa naushi sai ya janye kansa baya kaɗan, naushin ya ƙare a iska.

Yin haka yana da riba uku. Idonsa ba ya barin abokin karawa. Abokin karawar kuma yana ɓarnar ƙarfi wajen dukan iska. Na uku, wanda ya miƙe hannu bai sami komai ba yakan rinjayo gaba, fuskarsa a buɗe. An ga wannan a garin Lewiston ranar 25 ga Mayu, 1965, a karonsa na biyu da Sonny Liston. Liston ya kawo hagu, Ali ya janye baya, ya sakar masa dama, sai ga Liston a ƙasa tun a turmin farko.

Haɗarin dabarar

Amma wanda ya gantsare ya ɗora nauyinsa duka a kan ƙafar baya. Idan naushi na biyu ya biyo, ba shi da sauran wurin zuwa. Miƙaƙƙen naushi yana ƙarewa inda hannu ya ƙare, amma wanda ya tako gaba ya kawo naushi ta gefe yana iya cim ma haɓar da aka bari a fili.

Naushin hagu mai zuwa ta gefe shi ne ya riƙa kayar da Ali. Sonny Banks ya kai shi ƙasa da shi a 1962. Henry Cooper ma ya yi haka a Landan a 1963, a ƙarshen turmi na huɗu. Duka biyun Ali ya tashi ya yi nasara, domin lokacin yana da ƙuruciya.

A 1967 aka ƙwace kambunsa saboda ya ƙi shiga soja lokacin yaƙin Biyetnam, bai koma fage ba sai 1970. Ya dawo ƙafafunsa sun rage sauri. Ranar 8 ga Maris, 1971, ya haɗu da Joe Frazier a New York. Frazier gajere ne, amma ba ya fasa matsowa. A turmi na 15 ya daka tsalle da hagunsa ya sami Ali a muƙamuƙi, ya kai shi ƙasa. Ali ya miƙe, sai dai alƙalai sun ba Frazier nasara. Wannan ne karon farko da aka doke shi tun da ya zama ƙwararren ɗan dambe.

Daren Kinshasa

Hausawa na cewa in kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. Ranar 30 ga Oktoba, 1974, a Kinshasa ta ƙasar Zayar, wadda yanzu ake kira Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango, Ali mai shekara 32 ya fuskanci George Foreman mai shekara 25. Ya san ba zai iya zagaya fage har turmi 15 ba. Sai ya jingina da igiya, ya gantsare can baya, ya rufe fuska da hannuwa. Igiyar ta ɗauki nauyin da a da ƙafarsa ke ɗauka, kansa kuma ya yi wa Foreman nisa. Foreman ya yi ta jibgar hannuwa da haƙarƙari har ya gaji, Ali ya kayar da shi a turmi na 8, ya karɓo kambunsa. Ko a nan ma ba kyauta ya samu ba, domin jikinsa ya sha duka mai yawa.

Kammalawa

Tarihin Ali ya nuna cewa gantsarewa tana aiki ne ga wanda ya iya auna tazara daidai, kuma ƙafarsa na shirye ta fitar da shi kafin naushi na biyu. Idan ɗayan biyun ya gaza, haɓa ce ke biya. Shi ya sa masu horarwa ke yaba Ali, amma suna gaya wa ɗalibansu su ɗaga hannu.