Sarewar Makiyaya da Baƙon Zariya

A Indabo, da ƙauyukan da ke kai shanu kasuwar Wudil ranar Juma'a, ba a rubuta wa mai sarewa abin da zai busa. Yaro na bayan garke, ya ɗauko kari ɗaya, ya juya shi yadda ransa ya so, gobe ya zo da wani daban. Mun tashi muna jin haka, ba mu ɗauke shi ilimi ba.

Yusef Lateef ya ɗauke shi ilimi. Ba'amurke ne baƙar fata, Musulmi, an haife shi a 1920, ya girma a Detroit, ya yi suna a kiɗan jaz, wanda shi ma ginshiƙinsa ƙirƙira nan take. A 1981 ya zo Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, ya zauna har 1985 yana nazarin sarewar Fulani a cibiyar binciken al'adun Najeriya. A 1983 ya ɗauki faifai a Legas tare da makaɗan ganga na ƙasar nan, aka sa masa suna "In Nigeria". Ya rasu a 2013.

Abin da ke ci mini rai shi ne adanawa. A Poland, alal misali, kamfanin Polskie Nagrania ya fara jera faifayen jaz na ƙasar tun shekarun 1960, har yau ana sauraron faifan "Astigmatic" na Krzysztof Komeda. Namu gwanayen kuwa, galibinsu sun tafi da busarsu.

Matasan Wudil, waya na hannunku. Ku nemi izinin dattijan da suka rage, ku naɗi busarsu tun suna raye.